Kyamarar mota a hanyoyin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Wa zai kare mai shaida?

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wannan ne dalilin da ya sa a 'yan kwanakin nan ake ta ba direbobinmu shawarar su maƙala 'yar kyamara a gilashin gaban mota, domin ta riƙa ɗaukar duk abin da ya faru a kan hanya. Ina cikin masu ganin alherin wannan shawara, to amma ina ganin akwai tambayar da masu ba da ita ba su tsaya sun amsa ba, musamman game da direban da ke neman abincinsa tsakanin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa.

Bari in fara da yi wa mai karatu bayanin na'urar. Ba ta kai tafin hannu ba, ana liƙa ta a bayan madubin direba yadda ba za ta tare masa gani ba, tana shan wuta daga inda ake cajin waya. Da an tada mota sai ta fara ɗauka, tana zubawa a ɗan katin ajiya irin na wayar hannu. Idan katin ya cika sai ta riƙa goge tsohon hoto tana ɗora sabo, amma da yawa daga cikinsu idan suka ji an yi karo sukan kulle hoton wannan lokaci kada ya goge. Ba ta buƙatar intanet ko layin waya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tuna yadda aka katse layukan sadarwa a waɗannan ƙananan hukumomi uku da wasu maƙwabtansu a watan Satumba na 2021.

A ƙasar Rasha direbobi sun rungumi wannan na'ura ne saboda masu haɗa haɗarin ƙarya don cin kuɗin inshora, da kuma jami'an hanya masu ƙage. Yawanta ne ma ya sa duniya ta ga faɗowar wani dutse daga sama a kusa da birnin Celiyabinsk a watan Fabrairu na 2013. A nan gida ma amfaninta a bayyane yake. Idan mota ta yi karo da babur a ranar kasuwar Sheme, ba sai an yi ta rantse-rantse ba, hoto zai nuna wanda ya bar hannunsa. Idan wani mai kaki ya tsare direba a shinge yana neman na goro, sanin cewa akwai idon da ke kallo zai sa ya yi tunani. Kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin wannan hoto, matuƙar an cika sharuɗɗansa.

To amma hanyoyinmu ba na Rasha ba ne. Babu wanda ya manta daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, ko kisan gillar da aka yi a Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yuni na wannan shekara, ko mata 'yan rakiyar amarya da aka sace a ƙasar Sabuwa a farkon 2024. Har ta kai a 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. An yi zaman sulhu a wasu wurare a 2025, amma duk wanda ya san yankin ya san kalmar da ta fi kowace kashe mutum ita ce a kira shi infoma.

Sai mu ɗauka ɓarayin daji sun tare mota, suka ga kyamara tana kallon fuskokinsu. Me za su ɗauki direban? Wanda da kuɗin fansa kawai za a nema a kansa, yanzu ya zama ɗan leƙen asirin hukuma. Su kuma tafi da motar, da kyamarar, da katin, shaidar ta bi ruwa. A ɗaya ɓangaren, jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ya ga ana ɗaukar shingensa zai iya cewa direban yana kai wa mutanen daji rahoto ne. Ka ga garin neman gira an rasa ido.

Akwai kuma wata cutar da ta fi waɗannan kusa da mu, wato gaggawar watsa hoto a Facebook da WhatsApp. Hoton da aka watsa yana nuna lambar mota, da fuskokin fasinjoji, da muryar wadda ta ce an sayar da shanu a gidansu, da inda jami'an tsaro suka yi kwanto. Mutanen daji ma suna da waya, suna kallon abin da muke kallo. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba don ado aka yi ta ba, kuma tun kafin ita addini da al'ada sun hana tona asirin mutum.

Saboda haka ra'ayina shi ne, kada a bar direba shi kaɗai da wannan kaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar direbobi ta NURTW reshen Jihar Katsina ce ya kamata ta ɗauki al'amarin, ta zauna da 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya kafa a 2023, a fito da takarda a rubuce cewa sanya kyamara ba laifi ba ne, kuma babu jami'in da zai ƙwace ta a shinge. A ware ofis guda a Funtuwa inda direba zai miƙa katinsa a asirce, ba tare da an bayyana sunansa ba. Idan kowace mota a tasha tana da ita, ba wanda za a nuna a ce shi ne mai kai rahoto.

Ga wanda ya riga ya yanke shawarar saye, ya zaɓi ƙarama marar walƙiya wadda ke jure zafi, domin ranar bazara tana kumbura batirin masu araha. Ya kai wa mai gyaran wutar mota ya ɓoye wayar, ya daidaita kwanan wata da lokaci, don hoton da kwanansa ya saɓa yana da wuyar tsayawa a gaban alƙali. Ya kashe ɗaukar murya, ko ya sanar da fasinjojinsa. A hanyar da ya san ba ta da tabbas kuwa, babu kunya idan ya cire ta ya ajiye a gida, rai ya fi shaida.

Kyamara ba ta tsare hanya, shaida kawai take bayarwa, kuma shaida ba ta da amfani sai da hukumar da za ta saurare ta, ta kuma kare wanda ya kawo ta. Wannan shi ne aikin da ke kan shugabanninmu. Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Jihar Katsina da ƙasa baki ɗaya, amin.