Zazzaɓi Ba Ya Jiran Kaka: Haraji da Inshorar Lafiya a Ƙasar Morai

Duk wanda ya taɓa yin damina a Morai, ko Bakura, ko Maradun, ya san halin da magidanta ke shiga idan watan Agusta ya kama. A gona gero ya fara fitar da kai, amma a gida rumbu ya kusa ƙarewa, ɗan kuɗin da aka tara kuwa ya tafi wajen taki da ƙwadago. Daidai wannan lokaci ne sauro ke cin karensa ba babbaka. Na sha ganin uba ya zuba wa ɗansa ido kwana biyu ko uku yana fama da zazzaɓi, yana jiran ranar kasuwa ta zagayo don ya sayar da akuya kafin ya kai shi asibiti. Wannan jinkiri shi ne abin da nake so mu duba, domin kuwa a ganina da shi ya kamata a auna duk wata doka ta haraji da inshorar lafiya a ƙasar nan.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jikin yaron. Macen sauro jinsin Anopheles ce ke zuba ƙwayar cutar maleriya a cikin jini, kuma nau'in da ya fi kisa a ƙasarmu shi ne Plasmodium falciparum. Ƙwayar takan fara sauka a hanta, ta yi kimanin mako guda tana hayayyafa ba tare da an ji komai ba. Daga nan sai ta faɗa cikin jajayen ƙwayoyin jini. Duk bayan sa'o'i 48 takan fasa ƙwayar jinin da ta shiga, 'ya'yanta su watsu su kama wasu. A farkon ciwo, yawanta na iya ninkawa kusan sau goma a kowane zagaye. Ashe ke nan kwana huɗu na jira na iya mai da ɗaya ya zama ɗari. A ranar farko, gwajin minti goma sha biyar da maganin kwana uku sun isa. Idan an makara kuwa, sai a shiga maganar jijjiga, da ƙarancin jini, da allurai, da ƙarin jini, da hayar mota zuwa Talata Mafara ko Gusau. Talaka ya jira ne don ba shi da kuɗi kaɗan, ga shi yanzu ana neman kuɗi masu yawa a wurinsa.

Ba ƙaramin al'amari ba ne wannan. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Nijeriya suke. Haka kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. Yankinmu yana da nasa ƙarin nauyin, saboda madatsar ruwa ta Bakolori, wadda ta kawo albarkar noman rani, ta kuma samar da ruwan da sauro da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya ke rayuwa a ciki har bayan damina.

To, mene ne inshorar lafiya? A taƙaice, taimakekeniya ce. Mutane da yawa su zuba ɗan kuɗi a asusu ɗaya tun suna da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. Tun da ba kowa ke kwantawa a lokaci guda ba, kaɗan daga kowa yakan ishi wanda ya kwanta. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. An kafa dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa a 1999, aka fara aiki da shi a 2005, kuma an gina shi ne kan cirar wani kaso daga albashi. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta wajabta inshorar a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin marasa galihu. Jihar Zamfara ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, wato ZAMCHEMA. Duk da haka, ya zuwa 2025 waɗanda ke cikin inshora a duk faɗin ƙasar ba su wuce kimanin mutum ɗaya cikin goma ba.

A nan ne maganar haraji ta shigo. Gwamnati tana da hanyoyi biyu na taimaka wa mutum ya shiga inshora: ko ta rage masa haraji, ko ta biya masa daga harajin da ta tara. Sabuwar dokar haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta bar wa ma'aikaci damar cire abin da ya zuba a inshorar lafiya kafin a lissafa masa haraji, ta kuma yafe haraji a kan naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara. Dukansu biyu abin yabo ne. Sai dai, mai karatu, ka lura da abu guda: rangwame ba ya amfanar kowa sai wanda ake bin sa wani abu. Manomin Morai ba shi da takardar albashi da za a yi masa ragi a kanta. Amma fa yana biyan haraji ta wasu ƙofofi, a kasuwa, da kan hanya, da cikin farashin kayan da yake saye, musamman tun da aka ɗaga harajin VAT daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin 100 a 2020.

Saboda haka hanya ta biyu ce kaɗai za ta kai gare shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya matakin farko, rabinsa kuma a bi da shi ta hanyar inshora. Ba a sa kuɗin a kasafi ba sai a 2018. Kashi ɗaya ya yi kaɗan ga jama'ar da ta haura miliyan 200, balle idan aka tuna da alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Haka kuma a dokar kuɗi ta 2021 an sanya harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai sukari, da hujjar rage ciwon suga da ƙiba, amma kuɗin ya shiga baitulmali ne kamar sauran, ba a ɗaure shi ga lafiya ba.

Ba wani sabon abu nake nema ba. Ghana ta kafa nata shirin a 2003, ta sanya harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayayyaki, wanda aka keɓe wa asusun inshora. A nan kusa, Jihar Kano ta kafa asusun amana na lafiya a 2017, wanda dokarsa ta ware masa wani kaso na kuɗin shigar jiha da na ƙananan hukumomi. Ba a rasa matsaloli a duka biyun ba, musamman jinkirin sakin kuɗi, amma aƙalla akwai asusun da za a nuna da yatsa a ce ina lissafinsa.

Wani zai ce harajin kaya ya fi nauyi a kan talaka. Gaskiya ne, shi ya sa ba na kiran a ƙara masa sabo. Ina cewa ne a mayar masa da wani abu daga wanda yake biya tun tuni. Wani kuma zai ce mene ne amfanin katin inshora a ƙauyen da 'yan bindiga suka kori ma'aikatan jinya? Wannan ma gaskiya ce mai ɗaci, kuma kati ba zai buɗe asibitin da tsoro ya rufe ba. Amma iyalan da aka raba da gonakinsu da dabbobinsu su ne suka fi kowa rasa abin sayarwa ranar ciwo, don haka su ya kamata a fara rubutawa.

Shawarata uku ce. Ta farko, a ɗaure harajin lemon kwalba da na taba ga asusun marasa galihu, a fara da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu. Ta biyu, manomin da ke da hali a karɓi gudummawarsa sau ɗaya a shekara, lokacin kaka, ta hannun ƙungiyoyin manoma irin na masu noman rani a Bakolori, domin karɓar wata-wata tsarin mai albashi ne. Ta uku, a liƙa adadin waɗanda aka rubuta da kuɗin da ya shigo a bangon kowace cibiyar lafiya, da Hausa, yadda kowa zai karanta.

Ku kuma malamai da ɗalibai, akwai aikin da ya rage naku. Ku ɗauki littafi ku zaga gidaje ashirin a unguwarku, ku tambayi kwana nawa aka yi tsakanin fara zazzaɓin yaro da fara shan magani, da dalilin jinkirin. Ku zana sakamakon a allo, ku kai kwafinsa ga kansilanku da shugaban cibiyar lafiya. Idan an sake bin gidajen nan bayan shekara aka ga kwanakin sun ragu, to harajin ya iso. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.