Ɗalibin Aikin Jarida Da Bai Iya Tace Bidiyo Ba Yana Tauye Kansa

'Yan uwa, akwai maganar da ya kamata mu faɗa wa 'ya'yanmu da ƙannenmu masu karatun aikin jarida a nan Gombe: takardar digiri ita kaɗai ba ta isa ba yanzu. Duk wanda ya je neman aiki a GMC, NTA Gombe, Progress Radio ko Amana FM, ya sa a ransa cewa za a so a ga abin da hannunsa ya iya. Gidajen rediyo ma yau suna saka shirye-shiryensu na bidiyo a Facebook, don haka suna buƙatar mai iya yankawa da haɗawa.

A shekarar 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta raba kwas ɗin aikin jarida gida bakwai, ɗaya daga ciki na fim da hotuna masu motsi ne. Hakan na nuna inda sana'ar ta dosa.

Uzurin da aka fi ji shi ne rashin kwamfuta da rashin wuta. Gaskiya ne, Adobe Premiere Pro sai da kuɗin rajista, kuma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Amma DaVinci Resolve tana da sigar kyauta, Shotcut ma kyauta ce, ga CapCut da KineMaster da ke aiki a wayar da ke aljihun kusan kowane ɗalibi. Tushen aikin ɗaya ne a dukkansu: jera hotuna bisa tsari, yanke abin da ba ya ƙara wa labari komai, gyara sauti, sa rubutu, sannan a fitar da bidiyon a girman da ya dace, 16:9 don talabijin da YouTube, 9:16 don TikTok. Wanda ya ƙware a waya, ranar da ya samu kwamfuta ba zai sha wahala ba.

Kuma a fara da gida. A ɗauki minti biyu na yadda ake cinikin masara a Tudun Hatsi, ko hirar wani mai sana'a a Jekadafari ko Pantami, a tace, a nuna wa malami ya yi gyara. A kula da sauti sosai, domin mai kallo zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai zauna kan murya da iska ta cinye ba.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ke yanka hannu. Mun sha ganin an gutsure wa'azin malami ko jawabin ɗan siyasa, an cire gaba da baya, an watsa don tada fitina. Ɗalibin jarida ya san yadda ake yin wannan, ya kuma san cin amana ne. Ka yanke tari da shiru da maimaici, kada ka yanke ma'anar maganar mutum.

Shawarata ga ƙungiyarmu ita ce mu nemi membobinmu da ke wannan sana'a su ba da awa biyu duk Asabar, a samu ɗaki mai sola, a koyar da matasa maza da mata kyauta. Iyaye kuma, idan kun ga yaro yana haɗa bidiyo a waya, ku tambaye shi abin da yake koyo kafin ku ce ɓata lokaci yake yi.

Allah Ya sa mu dace.