Wasiƙa Ga 'Yan Wasan Kwaikwayo Na Aujara: Ku Rubuta Wasanninku



Yawancin ƙungiyoyin dirama na garuruwanmu hanya ɗaya suke bi wajen shirya wasa. A taru bayan La'asar, shugaba ya ba da labari da baki, a ce wane kai ne mai gari, wane kai ne boka, a gwada kaɗan, ranar wasa kowa ya ƙaro zance daga kansa. Jama'a su yi dariya su watse, wasan ma ya watse tare da su. Shawarata gare ku ita ce ku riƙa rubuta wasanninku, kuma hujjata tana cikin tarihin sana'ar taku. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949. Shu'aibu Maƙarfi ya buga Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, har yau ana nazarinsu a makarantu. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina ya fito a 1979, daga baya aka mai da shi fim. A zamaninsu akwai ƙungiyoyi masu cika fili da 'yan kallo, amma da 'yan wasan suka tsufa ko suka rasu, wasanninsu suka bi su, domin babu wanda ya sa su a takarda.

Na san abin da za ku ce: daɗin wasan Hausa yana cikin zancen da ɗan wasa ya ƙago nan take, rubutu kuwa sai ya daskarar da shi. Akwai gaskiya a nan. Tashe bai taɓa buƙatar takarda ba, 'yan kama ma haka. Usman Baba Pategi na Samanja da Ƙasimu Yero, da Yazi Dogo a Nijar, hazaƙar bakinsu ce ta ɗaukaka su. Ko Wasan Manoma da mutanen Jami'ar Ahmadu Bello suka kai Soba a 1977, daga hira da manoma aka gina shi. To ai ban ce ku haddace kafin ku fito ba. Ku fara da ƙashin labarin, ku fita fili, ku lura da inda jama'a suka yi tsit da inda suka fashe da dariya, sannan ku dawo ku rubuta abin da ya yi tasiri.

Wasu kuma za su ce waya ta wadatar, tunda ana ɗauka a ɗora a TikTok. Kyamara ba abin rainawa ba ce. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano daga dandali ta taso ta yi Turmin Danya a 1990, daga nan masana'antar finafinan Hausa ta kama hanya. Sai dai bidiyo wasan rana ɗaya yake adanawa, da hayaniyar yara da ƙarar janareta, kuma ranar da wayar ta ɓata ko ta lalace shi ke nan. Rubutaccen wasa kuwa 'yan makarantar Kiyawa ko Miga za su iya ɗauka su yi nasu, da sunanku a kai. Idan wani ya ɗauke labarinku ya kai Kano, takardar ce shaidarku.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. A Babban Asibitin Jahun, hedikwatar ƙaramar hukumarku, ƙungiyar likitoci ta MSF tana kula da masu haihuwa da masu yoyon fitsari tun 2008. Idan kuka shirya wasa a kan doguwar naƙuda, ɗan wasa ɗaya mai neman a yi dariya zai iya sakin maganar da za ta sa maigida ya jinkirta kai matarsa asibiti. Wasan da ke rubuce ana iya miƙa wa ma'aikaciyar jinya ta gyara kafin ya isa kunnen jama'a.

Batun kuɗi ba uzuri ba ne, littafin rubutu da biro sun isa. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, malamin Hausa na sakandare ya taimaka da ƙa'idar rubutu. Kafin wasanku na Sallah mai zuwa, ku naɗa magatakarda a cikinku, ya rubuta wasan, ya sa kwanan wata da sunayen duk waɗanda suka fito a ciki.