Kada Kunya Ta Sa A Yi Gwanjon Gida

A Amurka yawancin mutane da bashin banki suke sayen gida. Sukan jinginar da gidan, su yi ta biya wata-wata, wani har shekara 30. Idan ciwo ko rashin aiki ya sa mutum ya yi watanni bai biya ba, banki yana da iko ya sa gidan a gwanjo. Amma akwai dokar karayar arziki wadda takan tsai da gwanjon. Waɗansu suna ganin fakewa da ita abin kunya ne. Mu dai a ganinmu doka ce ta adalci, magidanci kuwa bai yi laifi ba in ya nemi taimakonta.

Ga yadda take aiki. Mutum yakan kai kansa kotu a ƙarƙashin Babi na 13, ya bayyana abin da yake samu da abin da ake binsa. Daga ranar da ya shigar da takarda, tilas masu binsa su dakata, gwanjo kuma ya tsaya. Sa'an nan ya kawo shirin biya na shekara 3 zuwa 5. Kuɗin watannin da suka wuce shi za a raba su kaɗan-kaɗan, yana ba wakilin kotu, shi kuma yana miƙa wa masu bashi. Biyan kowane wata kuwa yana nan, ba fashi.

Manoma ma sun sami tasu ƙofa, amma sai da suka sha wuya. A Disamba 1980 ruwan bashin banki ya kai kashi 21 da rabi cikin ɗari. Kuɗin hatsi ya faɗi. A jihar Iowa darajar gonaki ta ragu fiye da rabi tsakanin 1981 da 1986. Iyalai da yawa suka rasa gonar gado, da gidan da ke cikinta. Saboda haka a 1986 majalisa ta kafa Babi na 12 domin manoma, a 2005 kuma aka mai da shi na dindindin. A ce ana bin manomi dala 300,000, gonarsa kuwa yanzu ba ta wuce 200,000 ba. Kotu tana iya daidaita jinginar da darajar gonar, ta kuma bar shi ya riƙa biya da kaka, lokacin da kuɗi ke hannunsa.

Wani zai ce, "Ai wanda ya ci bashi tilas ya biya." Gaskiya ne. To, amma wa gwanjo yake amfana? Gidan gwanjo sau da yawa a wulaƙance yake tafiya, banki bai cika samun kuɗinsa duka ba, yara kuwa sun rasa wurin kwana. Mai shirin shekara biyar biya yake yi, lokaci kurum ya roƙa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ko Shari'ar Musa ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina, gama abin zaman mutum ke nan.

Sai dai dokar ba ta yi wa kowa magani. Wanda ba shi da abin shiga a kai a kai ba zai iya riƙe shirin ba, masu faɗuwa a hanya kuwa suna da yawa. In ya fasa biya, banki ya koma kotu, gwanjo ya dawo. Sunansa kuma yakan yi shekaru a littafin masu ba da rance. Ban da haka, Babi na 13 bai yarda a rage uwar kuɗin gidan zama ba, kamar yadda ake yi wa manoma. A 2009 an nemi a gyara wannan, majalisar dattawa ta ƙi. A nan muna ganin ba a kyauta wa ƙaramin ma'aikaci ba.

'Yan'uwa, wannan doka ta Amurka ce, ba za ta tsare gida a nan ba. Amma ko a can, sai wanda ya je kafin a buga gwanjo take ceta. Wanda ya ɓoye takardun banki a ƙarƙashin tabarma don kunya, ranar da ya fito da su ya makara. Duk wanda ya jinginar da gida ko gona, in ya ga biya zai gagara, ya nemi lauya, ya je wurin mai binsa tun da sauran lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.