DAGA TIGA HAR NGURU RUWA ƊAYA NE

'Yan'uwa talakawa, manoma da 'yan kasuwa, wannan mako muna so mu ja hankalinku ga wata ƙungiya wadda da yawa cikinmu ba su taɓa jin sunanta ba, alhali kuwa aikinta ya shafi tukunyar kowa. Ita ce Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, wadda ake kira NCF. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma kamfanin neman riba ba ne. Marigayi Cif S. L. Edu da abokansa suka kafa ta a Ikko cikin 1980, don kiyaye daji da ruwa da namun dawa, da kuma koya wa jama'a amfanin yin haka.

Wani zai ce, ina ruwan mai tumatir na Kura da masu ƙidayar tsuntsaye? To, a saurara.

Cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar Tiga bisa kogin Kano. Daga nan aka ja ruwa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aka tsara kadada 22,000 a kashi na farko. Ba mai musun alherin da ya biyo baya. Wanda dā yake tafiya cin rani ya zauna gida yana noman alkama da shinkafa da albasa. Kwandunan tumatir da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa kudu shaida ne.

Amma kogi ba a Kura ya ƙare ba. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa, su wuce Wudil, su bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, sa'an nan su bi ta Gashuwa su nufi tafkin Chadi. A can akwai talakawa irinmu: masunta, da masu shinkafar fadama, da Fulani masu kiwo, da mata masu saƙar kaba. Tun kaka da kakanni ambaliyar damina ce rayuwarsu. Ruwa ya malala, kifi ya hayayyafa, ruwa ya janye, a yi shuka a cikin laima, shanu su sami ciyawa. Da aka datse Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa cikin 1992, sai ambaliyar ta ragu.

Tun cikin 1987 gidauniyar nan, tare da ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya da wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, suka buɗe aikin kiyaye fadamun Haɗeja da Nguru. Gaskiya ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin hunturu su suka fara jawo hankalin baƙi. Amma da aka zauna aka auna, sai magana ta koma kan mutane. Masana tattalin arziki, cikinsu har da Edward Barbier, suka lissafta cikin shekarun 1990 cewa mudun ruwa ɗaya in aka bar shi ya shiga fadama ya fi kawo amfani bisa in aka juya shi babbar gonar ban-ruwa, muddin aka haɗa kifi da itace da amfanin gona cikin lissafi. Cikin shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma a jerin fadamun da duniya ta yarda a kiyaye.

Kada wani ya ɗauka muna cewa a rufe Tiga. Ko kaɗan. Abin da muke cewa shi ne, kada a bari a haɗa manomin Bunkure faɗa da masuncin Nguru, domin cutar da ke cinsu ɗaya ce. Ku dubi kacalla. Dā kogi yakan cika da damina ya bushe da rani, ciyawar ruwa ta mutu. Yanzu da ake sakin ruwa rani da damina, hanyoyin ba sa bushewa, laka tana kwanciya, kacalla tana tsirowa har ta fi mutum tsawo. A fadama ta toshe mashigai, ruwa ya cinye gonar da ba a so, ya ƙi zuwa inda ake jiransa. A nan wajenmu ta shiga magudanai, wanda gonarsa ke ƙarshen layi ya kwana yana jiran ruwa. Cikinta kuma jan-baki ke ɓuya, ya fito da safe ya share shinkafa. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ka san abin da za ka yi wa naka.

Ku kuma 'yan kasuwa, kada ku ce wannan maganar manoma ce. Bandar kifin da kuke sarowa daga Haɗeja da Nguru, da tabarmar kaba, da buhun shinkafar Kura, da kwandon da ke sauka 'Yankaba, duk 'ya'yan kogi ɗaya ne. Ranar da ya lalace, ciniki ya lalace.

Saboda haka muna yaba wa gidauniyar, muna kuma yi mata kira guda uku.

Na farko, ta hau sama. Sunanta ya fi fitowa a Lekki ta Ikko, inda ta buɗe gandun kiyaye daji cikin 1990, da kuma can Nguru. Amma wanda ke son gyaran ƙarshen kogi, dole ya zo inda ake buɗe ƙofar ruwa.

Na biyu, ilmin ya zama da Hausa, a kuma kai shi inda talaka yake. Ƙungiyoyin yara da take kafawa a makarantu abu ne mai kyau, amma wanda ke riƙe da injin feshi ba ya cikin aji. A same shi a bakin magudana, a kasuwa, a rediyo, a ƙofar masallaci bayan Juma'a. A gaya masa dalla-dalla abin da wanke kwalbar maganin ƙwari cikin magudana ke yi wa kifi da mai shan ruwa a ƙasa. A gaya masa yawan ban-ruwa yana jiƙe ƙasa har ta ƙi amfani. A gaya wa uwa cewa tsargiyar da ke sa ɗanta fitsarin jini daga dodon-koɗin ruwa mai kwanciya take fitowa, kuma tana da magani. A haɗa da mata, don su ke wanki da ɗiban ruwa, su ke turara shinkafa.

Na uku, a zauna da talaka a matsayin mai shawara, ba ɗan kallo ba. Tsohon da ya shekara hamsin bisa wannan ƙasa ya san inda ruwa ke kwana fiye da takardar ofis. Cikin 2006 gwamnonin jihohi shida, watau Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Barno da Filato, suka kafa asusun kula da wannan kogi. Madalla. To, muna so duk inda za a yanke yawan ruwan da za a saki da lokacin sakinsa, a ga manomi da masunci da makiyayi zaune, kowa da bakinsa.

Mu ma akwai namu nauyi. Kada mu jira baƙo ya zo ya yashe mana magudana. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa namu ne. Mu shiga, mu halarci taro, mu tambayi inda kuɗin ruwa ya tafi, mu fito aikin gayya ranar yankan kacalla. Wanda ke kusa da ƙofa ya tuna da na ƙarshen layi, mu duka kuma mu tuna da na Gashuwa. Ruwa kyauta ce ta Allah, amana ce kuma a hannun wanda ya fara isa gare shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba talaka sawaba. Amin.