KIMIYYA A GIDA: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A wannan mako filinmu zai yi magana ne a kan tsohon tabaron hangen nesa, watau irin mai ido biyu ɗin nan da ake gani a wuyan sojoji da masu kallon sukuwa. Sau da yawa idan ya faɗi, ko ido ɗaya ya fashe, ko ya soma nuna abu bibbiyu, sai a jefa shi ƙarƙashin gado. To, kada a yi saurin yar da shi, domin rabinsa ma kaɗai yana da babban aiki.

Duk wanda ya taɓa leƙa babban madubin duban taurari ya san wahalarsa. Yana kawo abu kusa ƙwarai, amma ɗan yankin sama da yake nunawa ƙanƙane ne, sau da yawa bai fi faɗin wata ɗaya ko biyu ba. Mutum yana ganin tauraro da idonsa, ya sa ido a madubi, sai ya yi ta lalube kamar mai neman tsuntsu ta cikin ramin kara. Saboda haka masana suke ɗaura wa babban madubi wani ƙarami a gadon bayansa, mai nuna fili da yawa. Mu kira shi ɗan jagora. Da shi ake fara kamo abin da ake nema, sa'an nan a koma ga babban.

Wannan magana ta shafi mutanen Maiduguri musamman wajen duban jinjirin wata. Birnin yana can gabashin ƙasa, rana tana riga faɗuwa a nan da kimanin rabin awa kafin ta faɗi a Sakkwato. Ke nan jinjirin da mai duba na Borno yake nema ya fi ƙuruciya da sirantaka, ga shi kuma 'yan mintoci yake yi ya faɗi. Idan lokacin hunturu ne, ƙura ta ƙara tsananta al'amari. Mai babban madubi wanda ba shi da ɗan jagora, kafin ya gama lalube wata ya tafi.

Idan ka duba jikin tabaron za ka ga lambobi kamar 7x50. Na farko yana nufin yana kusanto da abu ninki 7, na biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne, milimita 50, wajen inci 2. Ƙwayar idon mutum ko a cikin duhu ba ta cika wuce milimita 7 ba, don haka wannan gilashi yana tara hasken da ya ninka na ido sau 50. Filin da yake nunawa kuwa ya kai digiri 7, wanda za a jera wata 14 a cikinsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kwance sandar tsakiya, a raba tabaron biyu, a ɗauki ɓangaren da yake da lafiya a yi aiki da shi yadda yake. Idan kuwa dunƙulallun gilasan ciki masu kusurwa uku sun goce ko sun tsage, sai a cire gilashin gaba da na ido kawai. A ɗauki gilashin gaba a fuskantar da shi ga wata bishiya mai nisa, a riƙe farar takarda a bayansa, a yi ta matsar da ita har surar bishiyar ta fito sosai. Tazarar da ke tsakani, wadda takan kama inci 7 zuwa 8, ita ce za ta nuna tsawon bututun da za a yanka. Bututun roba na masu aikin famfo ya wadatar. A shafe cikinsa da baƙin fenti mara ƙyalli, a ɗaura gilashin gaba a baki ɗaya, na ido kuma a sa shi cikin ƙaramin bututu mai shiga da fita, don a iya daidaita gani. Kada ka firgita idan ka ga kome ya juya kai ƙasa: aikin gilasan da ka cire ne miƙar da sura, kuma tauraro ba ruwansa da sama ko ƙasa.

Saura alamar tsakiya. A zare sili biyu mafi sirantaka daga tsohuwar wayar lantarki, a gitta su, a manne da gam a kan zoben da ke gaban gilashin ido, daidai inda za su fito tsaf idan an leƙa. Daga nan mai walda zai yi maka zobba biyu na ƙarfe, kowanne da noti uku, a ɗaure su a jikin babban madubi. Da la'asar, ka ba rana baya, ka sa kan wata hasumiya ko turken wayar salula mai nisa a tsakiyar babban madubi, ka yi ta murɗa notin har shi ma ya zauna a mahaɗar silin nan. Shi ke nan, an gama. Da dare ka gwada da Zara, ko Kaza da 'Ya'yanta.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, kada a kuskura a dubi rana da shi, ko da ƙiftawar ido ce, domin yana makantarwa, kuma ba magani. Mai neman jinjiri ya jira sai rana ta faɗi ɗungum, kuma a kiyaye yara. Na biyu, kowa ya san halin tsaro da Borno ta shiga tun 2009. Bututu a kan ƙafafu uku cikin duhu yana iya kama da wani abu dabam. A sanar da Bulama da jami'an tsaro na kusa, a fita cikin jama'a, a kuma nisanci bariki da filin jirgin sama.

Hukuncin tsayuwar wata yana hannun malamai da kwamitin Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Abin da ɗan jagora zai yi shi ne ya nuna wa ido inda ya kamata ya duba, ya kuma rage ruɗuwa da tauraro ko guntun gajimare.

Amfanin bai tsaya nan ba. Dattawa suna tune da tarzomar da ta tashi a Maiduguri cikin Janairu 2001, bayan husufin wata, inda aka ƙone gine-gine. Yaron da ya saba kallon duwatsu da ramukan wata da idonsa, ya san inuwar duniya ce take rufe shi, da wuya a zuga shi. Madubin da Galileo na Italiya ya gano watanni huɗu na Mushtari da shi a 1610, ƙofar da haske yake shiga ta cikinta ba ta kai faɗin gilashin wannan tsohon tabaro ba. Muna kira ga Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Fasaha ta Ramat da malaman kimiyya na sakandare su tattara irin waɗannan tsofaffin kaya, su koya wa ɗalibai haɗa su. Masu walda da masu gyaran agogo suna nan birjik a gari, abin da ya rage shi ne a nuna musu hanya.

Allah ya sa mu dace, amin. Sai mako mai zuwa.