Hayaƙin lazanya da itacen girkinmu

Turawa sun shiga auna hayaƙin da ke cikin akushinsu. Lazanya, taliyar nan ta Italiya da ake jerawa hawa-hawa da niƙaƙƙen naman sa da cuku a gasa, mafi yawan illarta ga yanayi daga naman take, domin saniya na gyatsar iskar metan mai ɗumama duniya. A 2013 hukumar FAO ta ɗora wa kiwo kashi 14,5 cikin ɗari na irin wannan iska.

To, kada a kwaso hukuncin a jibga wa makiyayin Gidan Runji, wanda shanunsa ke cin kara suna zuba taki a gonar hatsi. Namu ciwon yana ƙarƙashin tukunya: itace. Manoman Ɗan Saga ta Agye sun raya gawo da kalgo ta hanyar sassabin zamani. Ashe daidai ne murhun birni ya cinye wahalarsu?

Tun 2011 matatar Soraz ta Damagaram ke fitar da gas. Ya ku 'yan kasuwa da ma'aikata, daga Gazawa har Maraɗi, mai halin cefanen nama kullum ba zai rasa kuɗin kwalbar gas ba. Gwamnati kuwa, ta kai gas kasuwannin ƙauye da rahusa.